Dusa da Tunkuza a Abincin Kajin Nama

Gabatarwa

Tun kafin a san kajin gidan gona a ƙasar Hausa, abin da ya rage bayan an sarrafa amfanin gona yana da masu shi. Mace idan ta yi surfe, dusar ta akuya ce, ƙasarin kuma a zuba wa tunkiya ko saniya. Idan ta tankaɗe gari, tsakin da ya tsaya bisa rariya na kaji ne. Harawa da kowar wake akan ɗora su a kan soro ko a reshen bishiya a jira bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare. Kazar gida ba a yi mata wani tanadi na musamman. Takan fita da sassafe ta yi tonon bola, ta tsinci ƙwari da gara da 'yar tsabar da ta zube a masussuka, da maraice a watsa mata tsaki ta shiga akurki. Babu mai lissafin abin da ta ci, tun da ba da kuɗi aka sayo ba, babu kuma mai ƙosawa da ita ko da za ta yi wata shida ba ta isa yanka ba.

Kazar nama, wadda masu kiwo suke kira buroila, al'amarinta dabam ne. An samar da irinta ne ta hanyar zaɓe da barbara na shekaru masu yawa a Amurka da Turai domin abu guda, watau ta tara tsoka cikin gaggawa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada, wanda aka buga a 2014, ya nuna girman wannan canji. An kiwata iri uku na kajin nama da abinci iri ɗaya, irin shekarar 1957 da na 1978 da na 2005. Da suka cika kwana 56 sai aka tarar kazar 1957 tana da nauyin giram 905, ta 1978 tana da giram 1,808, ta 2005 kuwa ta haura kilo huɗu. Tsuntsun da ke girma haka ba zai rayu da tsince-tsince ba. Yana tsare a ɗaki, duk abin da zai shiga bakinsa sai an auna an saya, shi ya sa abinci kaɗai yakan cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin da mai kiwo zai kashe daga ranar da ya karɓi 'yan tsaki har ranar da ya sayar.

Kusan rabin wannan abinci ko fiye masara ne, mai bi mata a yawa kuma waken suya, alhali kuwa duka biyun mutane ma suna nema domin tuwo da koko da awara. Duk shekarar da masara ta yi tsada, masu kaji ne suke fara kuka. A 2016 wata baƙuwar tsutsa mai cin masara ta ɓulla a Nijeriya ta yi ɓarna. A 2020 masara ta yi ƙaranci har sai da gwamnati ta ba kamfanoni huɗu izinin shigo da tan 262,000 daga waje. Bayan janye tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, gonakin kaji da yawa sun rufe saboda tsadar abinci. Wannan ne ya sa hankalin masana da masu kiwo ya koma kan dusa da tunkuza da ɓawo, waɗanda mutum ba ya ci, ko za su iya tsaya wa kaza a madadin wani kaso na masara da wake. Wannan maƙala za ta duba abin da kowannensu ya ƙunsa, da haɗarin da ke tare da shi, da gwargwadon da kaza take iya ɗauka.

Bambancin cikin kaza da na dabbobin tuƙa

Kuskuren da sabon mai kiwo yake fara yi shi ne ya zaci abin da ya ƙiba rago zai ƙiba kaza. Rago da akuya da saniya dabbobin tuƙa ne. Suna da tumbi babba wanda ke cike da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke ruɓar da ciyawa da ƙaiƙayi har su zama abincin jiki, kuma abinci yakan yi kwana biyu ko fiye a cikinsu. Kaza ba ta da haƙori, ba ta da tumbi. Abinci yakan sauka cikin 'yar jakar da ke wuyanta ya jiƙa, ya wuce ƙundu ya niƙe, ya bi hanji gajere, cikin 'yan sa'o'i ya fita. Saboda haka ɓangaren nan mai tauri na ɓawo da ƙaiƙayi, wanda masana suke kira faiba, yawancinsa yakan wuce ta cikinta yadda ya shiga. Idan ya yi yawa yakan cika mata ciki ta ji ta ƙoshi alhali jikinta bai sami komai ba. Dalilin ke nan da ya sa ba a son faiba ta wuce kamar kashi 5 cikin ɗari a abincin 'yan tsaki.

Abin da kazar nama take bukata da yawa abu biyu ne. Na farko abinci mai ba da ƙarfi, wanda ake samu daga sitaci da mai, kuma a nan masara ce kan gaba. Na biyu furotin, watau sinadarin gina tsoka. A makonni uku ko huɗu na farko ana so furotin ya kai kashi 21 zuwa 23 cikin ɗari na abincin, daga nan har zuwa yanka a sauko kashi 18 zuwa 20. Masara ba ta da fiye da kashi 8 ko 9, don haka tilas a nemo cikon daga wani wuri. Har wa yau furotin ɗin ma ba duka ne ɗaya ba, domin an gina shi ne da wasu ƙananan sinadarai, biyu daga cikinsu kuwa, laisin da metiyonin, su ne suka fi yin ƙaranci a abincin kaji. Idan ɗayansu ya gaza, kaza ba za ta amfana da sauran yadda ya kamata ba, kamar maginin da ya tara tubali amma ba shi da ƙasar ɗauri.

Dusa

A bakin Bahaushe dusa kalma ɗaya ce, amma a cikin kaza dusar masara da ta alkama da ta shinkafa ba su yi kama da juna ba.

Dusar masara da ta dawa da ta gero, wadda ake samu a gidaje da wurin masu injin surfe, tana ɗauke da fatar ƙwaya da idonta da ɗan ɓarɓashin gari, saboda haka tana da sauran ƙarfi a jikinta. Matsalarta ita ce da ruwa ake surfe, sai ta fito da laima. Idan aka ɗura ta a buhu ba a shanya ba, kafin kwana biyu ta ɗau zafi ta fara fumfuna. Dusar wasu ire-iren dawa masu duhun launi kuma tana da wani sinadari mai bauri, tanin, wanda ke hana furotin narkewa.

Dusar alkama ta kamfanonin fulawa ita ce masu haɗa abincin kaji suka fi sabawa da ita. Furotin ɗinta ya kai kashi 15 zuwa 17, watau kusan ninki biyu na masara, ga shi a bushe take fitowa, ingancinta kuma bai cika canjawa ba. Amma ƙarfinta bai kai na masara ba, kuma da yake mafi yawan alkamar da ake niƙawa a ƙasar nan daga waje ake sayo ta, farashin dusar ma yana bin farashin dala. Masu kiwon shanu da masu turkar ragunan layya duk ita suke nema, don haka gab da babbar salla takan yi tsada.

Dusar shinkafa ce ta fi bukatar bayani, domin a nan ne ake samun ruɗani mai jawo asara. Ƙwayar shinkafa shanshera riga biyu gare ta. Ta waje ita ce ɓuntu, mai kaushi, wanda ya kai kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyin shansherar. Ɓuntu ba abinci ba ne ga kaza ko kaɗan. Faiba ce zalla haɗe da wani sinadari irin na yashi, amfaninsa a ɗakin kaji shi ne a shimfiɗa a ƙasa ya tsotse danshi. Riga ta ciki ita ce dusa ta ainihi, wadda ake gogewa kafin shinkafa ta yi fari, kuma ba ta wuce kashi 8 zuwa 10 na nauyin shansherar ba. Wannan tana da furotin kamar kashi 12 ko 13, tana kuma da mai sosai, abin da ya sa ƙarfinta ya fi na dusar alkama. Manyan kamfanonin casa suna fitar da su dabam-dabam, domin injin da ke ɓare ɓuntu dabam yake da mai gogewa. Ƙananan injuna kuwa, irin waɗanda suka cika garuruwa kamar Kura, da yawansu suna yin aikin biyu a lokaci guda, sai ɓuntu da dusa su fito a gauraye, kuma ɓuntun ya fi yawa. Mai kiwon da ya sayi wannan gauraye da sunan dusar shinkafa ya sayi abin cika ciki ne kawai. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2015 aka kafa sababbin kamfanonin casa a Kano da Kebbi da Jigawa, dusa mai kyau kuma ta fi samuwa bisa da.

Ita ma dusa mai kyau ɗin tana da nata aibi. Man da ke cikinta yakan fara lalacewa da zarar an goge ta daga jikin ƙwaya, cikin 'yan kwanaki warinta ya canja ta yi maƙaƙi, kaji su rage ci, bitamin da ke cikin abincin kuma su lalace. Zafi ne yake tsayar da wannan lalacewa. A nan al'adar turara shinkafa kafin a casa, wadda matan ƙasar Hausa suka daɗe suna yi domin kada ƙwaya ta kakkarye, ta yi wani amfanin da ba don shi ake yin ta ba: dusar shinkafar da aka turara ta fi ta ɗanya jure ajiya nesa ba kusa ba.

Tunkuza

Tunkuza ita ce abin da ya rage bayan an matse mai daga gyaɗa. Mata masu sana'ar ƙuli-ƙuli sukan soya gyaɗa, su murje, su kai markaɗe, su yi ta juyawa suna yayyafa ruwan zafi har mai ya fito ya rabu, sa'an nan su mulmula tunkuzar su soya ta zama ƙuli-ƙuli. Masu abincin kaji sun faɗaɗa ma'anar kalmar, har ta haɗa da ragowar matsar waken suya da gurya da riɗi da ƙwarar kwakwar manja. Wasu kuma duka ƙuli suke ce musu.

Tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama babbar hajar Arewa, har aka yi zamanin dalar gyaɗa, aka kuma kafa kamfanonin matsar mai a Kano waɗanda tunkuzarsu ake kai wa dabbobin Turai. Farin farkon shekarun 1970 da annobar da ta kama gyaɗa a 1975 suka kawo ƙarshen wannan zamani, amma har yau tunkuzar gyaɗa tana cikin abin da mai kaji a Arewa ya fi samu kusa da shi. Furotin ɗinta ya kai kamar kashi 45 cikin ɗari, kusan daidai da na waken suya. Sai dai laisin da metiyonin sun yi mata ƙaranci, don haka idan ita kaɗai aka dogara da ita kaji ba za su yi girman da ake so ba, sai an gauraya ta da ta waken suya, ko a ƙara waɗannan sinadarai biyu da ake sayarwa a gari. Ƙuli-ƙulin kasuwa wanda aka sa wa gishiri da yaji domin mutane bai dace ba, domin gishiri idan ya yi yawa yakan sa kaji shan ruwa fiye da kima, kashinsu ya tsinke, shimfiɗa ta jiƙe.

Babban haɗarin tunkuzar gyaɗa a Ingila aka fara gane shi. A 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a gonakin ƙasar da wata cuta da ba a san kanta ba. Da aka bi diddigi sai aka tarar duk sun ci tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil, cikinta kuma akwai wata guba da wani nau'in fumfuna yake fitarwa, aka sa mata suna afalatoksin. Wannan fumfuna tana kama gyaɗa da masara tun suna gona, musamman idan fari ya taɓa su gab da girbi, tana kuma yaɗuwa a rumbu ko a buhu idan akwai laima da zafi. Gubar tana lalata hanta, tana tsayar da girma, tana raunana garkuwar jiki har a yi wa kaji rigakafin Gumboro amma cutar ta kama su, mai kiwo ya yi ta zargin maganin alhali laifin yana cikin buhun abinci. Agwagwa da talotalo sun fi kaza saurin mutuwa da ita. Ƙanƙantar abin da ke cutarwa abin tsoro ne, domin iyakar da ƙasashe da yawa suka yarda da ita ita ce kashi 20 cikin biliyan ɗaya, watau giram ɗaya tak a cikin tan 50 na abinci. Suya da dahuwa ba sa kashe ta, ido kuma ba ya ganinta. Tunkuza tana iya zama fes a ido amma tana ɗauke da ita. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, gyaɗar da aka tsince aka ware saboda ta ruɓe ko ta motse, wadda ba za ta sayu a matsayin tsaba ba, sau da yawa ita ake karkatarwa wurin matsa saboda araharta. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan ta samar da wani magani mai suna Aflasafe, wanda aka yi wa rajista a Nijeriya a 2014. Shi ma fumfuna ne, amma irin wanda ba ya fitar da guba. Ana watsa shi a gona kafin amfani ya yi fure domin ya riga mai gubar kama wuri. Masu haɗa abinci kuma sukan zuba wani gari da aka yi da yumɓu na musamman, wanda yake riƙe gubar a hanji ya fita da ita. Duk da haka babu abin da ya kai shanya amfani ya bushe ƙayau, da ɗora buhuna bisa katako nesa da bango.

Waken suya ɗanye ba a ba kaza, domin yana da sinadarin da ke hana furotin narkewa, sai an gasa shi ko an turara. Gashin ma idan ya wuce kima har waken ya yi duhu, laisin ɗinsa ya ƙone.

Gurya, watau ƙwayar auduga, tana samuwa a yankin Funtuwa da Gusau inda masana'antun gurzar auduga suke. Shanu suna cin tunkuzarta lafiya lau, amma tana ɗauke da wani sinadari rawaya mai suna gosifol wanda ke taɓa zuciya da hantar kaza, a kajin ƙwai kuma yana ɓata launin gwaiduwa. Idan ba a ɓare guryar kafin matsa ba, faibarta ma ta yi yawa. Akan rage kaifin gosifol da sinadarin ƙarfe, duk da haka ba a ba 'yan tsaki, manya ma ba a cika wuce musu kashi 10 cikin ɗari ba. Tunkuzar riɗi kuwa tana da wata baiwa: metiyonin ɗinta yana da yawa, laisin kaɗan, waken suya kuma akasin haka, saboda haka idan aka haɗa su kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Abin da ya hana ta yawa shi ne riɗin Jigawa da Nasarawa da Binuwai mafi yawansa tsaba ake fitar da shi waje ba a matse ba. Tunkuzar ƙwarar kwakwar manja daga Kudu take zuwa, tana da araha, furotin ɗinta kashi 16 zuwa 18, amma tana da kaushi da faiba mai yawa, ta fi dacewa da kajin da suka wuce mako huɗu.

Ɓawo da sauran tarkace

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman rogo, kusan tan miliyan 60 a shekara, duk inda ake yin garin kwaki kuma akwai tsibin ɓawo yana ruɓewa yana wari. Ɓawon yana da sauran sitaci, amma furotin ɗinsa bai wuce kashi 5 ba, ga shi yana da guba mai suna sayanaid, wadda ita ce ke sa rogo mai ɗaci ya bugar da akuya. Shanya tana rage ta, sai dai da damina ɓawo yakan yi kwana biyu ko uku bai bushe ba har ya yi fumfuna. Wajen 2015 masu binciken dabbobi a Ibadan suka fito da wata dabara mai sauƙi, watau a bi da ɓawon yadda ake bi da rogon kansa: a gurza shi, a ɗura a buhu a matse ruwan, a tankaɗe, sa'an nan a shanya ko a soya sama-sama. Ta haka yakan bushe cikin yini guda, gubar ta ragu ƙwarai, mai laushin a ba kaji, mai kaushin a ba shanu da tumaki. Tan uku na ɗanyen ɓawo yakan ba da kusan tan ɗaya na busasshe, kuma yana iya maye gurbin wani kaso na masara muddin an ƙara furotin daga wani wuri.

A Turai akwai wani dalili dabam da ya sa ake binciken irin waɗannan tarkace. Wajen ƙarshen shekarun 1940 aka gano a Amurka cewa idan ana zuba ɗan maganin kashe ƙwayoyin cuta a abincin kaji kullum, sukan fi saurin girma. Abin mamaki, shi ma wannan daga tarkace aka gano shi, domin ragowar abin da aka haɗa magani da shi a wata masana'anta aka ba 'yan tsaki aka ga sun yi girma fiye da zato. An shekara hamsin ana haka, har aka lura ƙwayoyin cuta suna sabawa da magungunan da mutane ma suke sha. Suwidin ta hana a 1986, Tarayyar Turai baki ɗaya ta hana daga farkon 2006. Sai masana suka shiga neman madadi a cikin ragowar matsar inabi da zaitun, da ɓawon lemo da na rumman, da fatar tumatir da 'ya'yansa bayan an yi na gwangwani. Waɗannan ba domin ƙoshi ake zuba su ba. Ɗan kaɗan ake sawa, saboda sinadaran da ke ba su launi da bauri suna taimaka wa hanji, suna kuma hana kitsen naman saurin lalacewa bayan yanka. Game da ingancin nama sakamakon gwaje-gwajen yana da ƙarfafa gwiwa. Game da saurin girma kuwa bakin masanan bai zo ɗaya ba, kuma idan aka zuba da yawa baurin nan yakan koma ya hana kaza cin abinci. Wannan fage ne da ya kamata masu bincike na gida su sa wa ido, ganin yawan tumatirin da ke ruɓewa a Kadawa lokacin kakarsa, da 'ya'yan zoɓon da ke ragewa bayan an fitar da furensa waje, wanda ɗan abin da ake yi da su bai wuce daddawar batso ba.

Wani abin da ya sauƙaƙa amfani da dusa da tunkuza shi ne sinadaran taimakon narkewa da ake kira enzayim, waɗanda ake zubawa 'yan giram kaɗan a buhu. Kusan kashi biyu cikin uku na fosfaras ɗin da ke cikin hatsi da dusa, wanda ƙashi yake bukata, a ɗaure yake yadda kaza ba ta iya amfana da shi. Tun daga 1991 ake sayar da enzayim mai suna fitas wanda ke kwance shi. Akwai kuma waɗanda ke sassauta faibar dusar alkama da ta tunkuzar kwakwa. Suna ƙara abin da kaza take samu, amma ba sa mai da ɓuntu masara.

Lissafin mai kiwo

Ga misalin yadda ake auna haɗi na kilo 100 domin kajin da suka wuce mako huɗu. Masara kilo 55 tana ba da furotin kusan kilo 5. Tunkuzar waken suya kilo 20 tana ba da kusan kilo 9. Tunkuzar gyaɗa kilo 10 tana ba da kilo huɗu da rabi, dusar alkama kilo 10 kuma kilo ɗaya da rabi da 'yan kai. Jimla ta kama kusan kilo 20, watau kashi 20 cikin ɗari, daidai da bukata. Sauran kilo 5 ɗin na garin ƙashi ne da farar ƙasa da gishiri da garin bitamin da laisin da metiyonin. A wannan haɗi kashi 40 cikin ɗari duk ragowar masana'anta ne, kuma kaza za ta yi girma lafiya. Idan aka ce za a ƙara dusar ta kai kilo 30 a rage masara, furotin ba zai ragu ba, zai ma ɗan ƙaru, mai duba wannan kaɗai sai ya ce ya ci riba. Amma ƙarfin abincin ya faɗi, faiba ta hau, kaza za ta ƙara ci domin ta cike giɓin, cikinta kuwa yana da iyaka.

Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, a kiwon kaji ma farashin buhu ba shi ne ma'auni ba. A ɗauka, domin sauƙin lissafi kawai, kilo ɗaya na abinci mai kyau naira 100 ne, kaza kuma tana cin kilo 4 ta kai nauyin kilo 2. An kashe mata naira 400 ke nan. Idan aka cika abincin da dusa farashinsa ya sauko naira 90, amma sai ta ci kilo 5 kafin ta kai wannan nauyi, an kashe naira 450, ban da ƙarin kwanakin da za ta yi tana shan ruwa da magani tana tare ɗaki. Ga mai kaji 500 da ya yi niyyar kasuwar salla ko ta Kirsimeti, jinkirin mako guda yana iya sa kasuwar ta wuce shi.

Cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, wadda take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da sassan kimiyyar dabbobi na jami'o'i, sun daɗe suna gwada waɗannan abubuwa, kuma sakamakonsu yana nan a rubuce, sai dai mafi yawansa da Turanci, a mujallun da mai kaji ɗari biyu a bayan gida ba zai taɓa gani ba. Ko ya gani ma, alƙaluman da ke cikin littafi na dusa mai tsabta ne, abin da ke kasuwa kuwa kowane buhu da halinsa. Akan sami masu niƙa ɓuntu ya yi laushi su gauraya da dusar alkama, da masu zuba yashi a tunkuza domin ƙarin nauyi. Manyan kamfanoni suna da ɗakin gwaji, suna auna kowace mota kafin a sauke. Ƙaramin mai kiwo hancinsa da hannunsa ne ɗakin gwajinsa: ya sansana ko akwai warin fumfuna ko maƙaƙi, ya damƙa ya ga ko ta dunƙule saboda laima, ya zuba ɗan kaɗan a kofin ruwa ya motsa, ɓuntu zai taso sama, yashi ya kwanta a ƙasa. Idan zai shigo da sabon abu cikin haɗi, ya ware kaji ashirin ya gwada a kansu, yana auna nauyinsu da abin da suka ci kowane mako, kafin ya ba sauran.